Mazubi Da Bulo: Abin Da Na Koya A Harshen Python

'Yan'uwana ɗalibai, da iyayenmu masu karanta wannan mujalla, ina so in yi muku bayani a kan wani fanni na ilmin kwamfuta wanda na koya a zangon karatun da ya wuce. Ban koye shi cikin daɗi ba, sai da na yi wata ɓarna wadda ta sa wani yaro ɗan aji ɗaya kuka, ni kuma ta hana ni barci kwana biyu. Saboda haka da labarin ɓarnar zan fara, don in ba a ji shi ba, ba za a ga amfanin darasin ba.

Kamar yadda kowa ya sani, a nan makarantar kwana idan aka dawo daga hutu, yara sukan kai kuɗin guzurinsu wurin malamin gida ya ajiye musu, shi kuwa ya rubuta a wani babban littafi. Ran Jumma'a mai bukata ya je ya karɓi kaɗan, a rage a cikin littafin. To, ni ina cikin ƙungiyar kwamfuta, kuma malaminmu ya fara koya mana wani harshe da ake kira Python. Ga iyayenmu da ba su saba da abin ba, ita kwamfuta ba ta san komai da kanta ba, sai abin da aka umurce ta. Ana rubuta mata umurnin nan layi bayan layi cikin wani harshe mai tsananin ƙa'ida, jimlar umurnin kuwa ita ake kira manhaja. Da na ga hannuna ya ɗan faɗa, sai rawar kai ta ɗebe ni, na je na ce wa malamin gidanmu zan rubuta masa manhajar da za ta hutar da shi daga littafin nan. Ya yi murmushi ya ce in gwada.

Ga yadda na yi. Na shirya jeri uku: jerin sunaye, da jerin azuzuwa, da jerin kuɗi. Na farko a jerin sunaye shi ke da kuɗin farko, na biyu shi ke da na biyu, haka har zuwa na 48, don mu 48 ne muka yi ajiya. Mako uku abin yana tafiya daidai, har ina yi wa abokaina taƙama. Ana nan sai aka yi wa mahaifin wani yaro canjin wurin aiki, yaron ya karɓi sauran kuɗinsa ya bar makaranta. Shi ne na 12. Na share sunansa, na share ajinsa, amma na manta da jerin kuɗi. Nan da nan na 13 ya matsa ya zama na 12, ya tarar da sifirin da wancan ya bari. Na 14 ya hau kan kuɗin na 13, haka kowa ya hau kan kuɗin wanda ke gabansa har ƙarshen jeri. Ran Jumma'a ɗan aji ɗayan nan ya zo karɓar kuɗin sabulu, kwamfuta ta ce ba shi da ko kwabo, alhali kuwa naira 3,000 mahaifiyarsa ta ƙulle masa. Ya fashe da kuka. Waɗansu suka fara dubana da wani irin ido, kun dai san irin idon da ake yi wa wanda ake zargin ya ci amana. Abin da ya cece ni shi ne malam bai yar da littafinsa ba, ashe duk makon nan uku yana rubutawa ban sani ba.

Washegari na kai wa malamin kwamfuta abin da na rubuta. Ya duba, ya ce, "Kai, me ya haɗa sunan yaro da kuɗinsa a nan?" Na ce, "Lambar layi, Malam." Ya ce, "To, ai ka gani. Abubuwan da ya kamata su zauna wuri ɗaya ka raba su gida uku, sa'an nan ka dogara ga tunaninka ya riƙa haɗa su. Ranar da ka manta kuwa fa?" Daga nan ya ce akwai wata hanyar rubuta manhaja wadda aka ƙago don maganin irin wannan, watau hanyar da ake gina manhaja a kan abubuwa.

Hanyar ba sabuwa ba ce, ta girmi iyayen da yawa daga cikinmu. A birnin Oslo na ƙasar Norwe aka fara ta, inda waɗansu masana biyu, Ole-Johan Dahl da Kristen Nygaard, suke neman yadda kwamfuta za ta kwaikwayi al'amuran duniya, irin su mutane a layin jira. Suka ga cewa abin ya fi sauƙi idan kowane mai jira ya zama abu guda a cikin manhaja, yana ɗauke da bayanin kansa da ayyukan kansa. Harshensu shi ne Simula, wanda aka kyautata shi a 1967. A 2001 aka ba su lambar yabo ta Turing, wadda ita ce mafi girma a ilmin kwamfuta, dukansu biyu kuma suka rasu a 2002. Bayansu wani Ba'amurke, Alan Kay, da abokan aikinsa a kamfanin Xerox suka yi harshen Smalltalk a 1972. Shi Kay ya karanta ilmin halittu, saboda haka yana ganin abubuwan cikin manhaja kamar ƙwayoyin halittar jikin mutum, kowace tana cikin fatarta, ba ta hulɗa da 'yar'uwarta sai ta hanyar saƙo. Sai C++, wanda Bjarne Stroustrup mutumin Denmak ya fara a 1979, da Java wanda kamfanin Sun ya fitar a 1995. Namu Python kuwa Guido van Rossum mutumin Holan ya fitar da shi a 1991. Da farko na ɗauka sunan mesa ya ba shi, don ma'anar kalmar ke nan, ashe daga wani wasan ban dariya na talabijin ɗin Ingila ya ɗauko sunan.

To, mene ne abu a wannan fanni? Abu shi ne ƙunshi guda wanda ya haɗa siffofi da ayyuka. Siffofi su ne abin da aka sani game da shi, ayyuka kuwa su ne abin da yake iya yi. Ɗalibi yana da suna, da aji, da kuɗin ajiya, waɗannan siffofinsa ne. Yana iya ajiye kuɗi, yana iya cirewa, waɗannan ayyukansa ne. In aka ƙunshe su wuri ɗaya, ranar da yaro ya bar makaranta ƙunshinsa ɗungum za a ɗauke, ba yadda za a yi sunansa ya tafi kuɗinsa ya tsaya yana jiran wani.

Amma ba za ka zauna ka rubuta ƙunshi 48 ɗaya bayan ɗaya ba. A nan ne mazubi ke shigowa. Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin masu buga bulo ya ga mazubin ƙarfen nan da suke cikawa da yashi da siminti, su kife, bulo ya fito. Mazubi ɗaya ne, bulo kuwa ɗari ko dubu. Ba a gina ɗaki da mazubi, amma shi ke faɗin tsawon kowane bulo da faɗinsa da yawan ramukansa. Haka nan a Python, sau ɗaya kake rubuta mazubin ɗalibi, sa'an nan ka buga ɗalibai iyakar yadda kake so. Ga nawa, bayan gyara:

class Ɗalibi:
    def __init__(self, suna, aji):
        self.suna = suna
        self.aji = aji
        self._kuɗi = 0

    def ajiye(self, nawa):
        self._kuɗi = self._kuɗi + nawa

    def cire(self, nawa):
        if nawa > self._kuɗi:
            return "Kuɗinka bai kai ba"
        self._kuɗi = self._kuɗi - nawa
        return "An ba ka"

    def aikin_safe(self):
        return "Shara"

Kada kalmomin Turancin nan su tsorata kowa, kaɗan ne. Kalmar class da ke farkon layi ita ke nuna an fara mazubi. Ta ruɗe ni kwana da kwanaki, don mun saba da ita a ma'anar ajin da muke zama, alhali a nan nufinta iri ko jinsi. Kalmar def tana nuna an fara bayanin wani aiki. Sauran sunayen kuwa nawa ne, na Hausa, kuma na ji daɗi da na ga Python yana karɓar haruffanmu masu ƙugiya, ko da yake nemo su a allon bugun kwamfutocinmu wani aiki ne daban.

Aikin farko, mai suna __init__, ni na ɗauke shi kamar ranar suna. Shi ke gudana da kansa da zarar an buga sabon ɗalibi: a raɗa masa suna, a faɗi ajinsa, a buɗe masa ajiya da sifiri. Kalmar self kuwa ita ce ta fi ba ni wuya, amma ma'anarta ba ta wuce "kansa" ba. Tun da mazubi ɗaya ne ɗalibai da yawa, dole aiki ya san a kan wa yake gudana. In aka ce self.suna, ana nufin sunan shi wannan ɗalibin da ake magana da shi yanzu, ban da sauran. Ga yadda ake bugawa:

na_farko = Ɗalibi("Wane", 1)
na_biyu = Ɗalibi("Ƙanin Wane", 2)
na_farko.ajiye(3000)

Yanzu na farko yana da naira 3,000, na biyu yana nan da sifirinsa. Mazubinsu ɗaya, amma aljihun kowa daban. Ɗigon nan da ke tsakanin na_farko da ajiye shi ne aika saƙo, kamar ka kira yaro da sunansa ka ce, ajiye wannan.

A nan akwai wani rami da na faɗa, bari in nuna shi don kada wani ya faɗa. Idan ka rubuta na_uku = na_farko, ba ka buga sabon ɗalibi ba, laƙabi kawai ka ba wanda ke akwai. Mutum ɗaya ne, a gida ana kiransa da sunan yanka, a filin ƙwallo ana kiransa da wani suna. In ka cire naira 500 da sunan na_uku, aljihun na_farko ne ya ragu. Sabon bulo ba ya fitowa sai an koma ga mazubi.

Sai maganar killacewa, wadda a ganina ita ce zuciyar al'amarin duka. Nufinta shi ne kada kowa ya sa hannu cikin kayan abu kai tsaye, sai dai ya bi ta ƙofar da aka tanada. A banki ba ka tsallake kanta ka buɗe akwatin kuɗi da hannunka, ko da kuwa kuɗinka ne a ciki. Kakan cika takarda ka miƙa, ma'aikaci ya duba in kana da su, sa'an nan ya ƙirgo maka. Aikin cire da ke sama shi ne ma'aikacin. Duk mai son kuɗi ta wurinsa zai bi, shi kuwa ba ya ba da abin da babu.

Na ga amfanin wannan da idona. Wani abokina mai son tsokana ya zauna gaban manhajar, ya ce zai ajiye kuɗi, sai ya buga 500 da alamar ragi a gabanta. Manhaja ta karɓa, kuɗi ya ragu maimakon ya ƙaru, watau ya yi cira ta ƙofar ajiya ba tare da an duba shi ba. Da a tsohuwar manhajata ne, sai na bi ko'ina na taɓa jerin kuɗi in gyara, kuma lalle in manta da wani wuri. A sabuwar kuwa layi biyu na ƙara a cikin aikin ajiye, waɗanda ke ƙin karɓar abin da bai wuce sifiri ba, na yi haka a cire ma, nan take dukan ɗalibai suka gyaru, har da waɗanda ba a buga ba tukuna.

Mai lura zai ga ɗan layin da na sa a gaban kalmar kuɗi. Alama ce tsakanin masu rubuta Python, ma'anarta wannan na cikin gida ne, kada a taɓa daga waje. Amma fa alama ce kurum, wanda ya so taɓawa zai taɓa, harshen ba zai hana shi ba. Java kuwa yana da kalma ta musamman wadda in ka sa ta, manhajar da ta yi ƙoƙarin taɓawa daga waje ba za ta ma tashi ba. Watau Java kwaɗo yake sa wa ƙofa, Python kuwa labule ya saki ya dogara ga kunyar mai shigowa. Mun yi gardama a ƙungiya kan wanne ya fi. Ni dai da na zauna shekara biyar a ɗakin kwana na ga abin da ke samun garin kwakin da aka bari a akwati ba kwaɗo, na fi karkata ga Java a wannan wuri, ko da yake Python ya fi daɗin rubutu nesa ba kusa ba.

Bayan wannan sai gado. A ce muna son mu sa firifet a cikin manhaja. Firifet ɗalibi ne, yana da suna da aji da ajiya kamar kowa, sai dai akwai inda ya bambanta. Ba sai mun sake rubuta komai daga farko ba, sai mu ce mazubin firifet ya gaji mazubin ɗalibi:

class Firifet(Ɗalibi):
    def aikin_safe(self):
        return "Duba ɗaki"

Layi uku ke nan, amma firifet ya sami suna da aji da ajiye da cire, bai sake komai ba sai aikin safe. Gado ne mai ban mamaki, don mai dukiya yana raye, magaji ya kwashe duka, kuma mai dukiyar bai rasa komai ba. Har ma in aka ƙara wa uban wani abu daga baya, ɗan ya same shi nan take.

Daga gadon nan wani abu ke fitowa, wanda na sa wa suna kira ɗaya amsa iri-iri. Da safe in an kaɗa ƙararrawar aiki, mai kaɗawa ba ya bin ɗakuna yana gaya wa kowa abin da zai yi. Ƙara ɗaya ce, amma ƙaramin yaro ya ɗauki tsintsiya, firifet ya ɗauki littafinsa ya shiga duba ɗakuna. Haka a manhaja, kana iya zuba ɗalibai da firifet-firifet cikin jeri ɗaya, ka bi su ka aika wa kowa saƙon aikin_safe, kowa ya amsa da nasa. Gobe in aka ƙago mazubin mai kula da ɗakin cin abinci, mai aika saƙon ba ya bukatar gyara ko kaɗan.

Sai dai gado yana da daɗin da ke sa mutum wuce gona da iri. Da na gane shi, har akwati na so in sa ya gaji ɗalibi, don shi ma yana ɗauke da sunan mai shi. Malam ya ce in tambayi kaina: akwati ɗalibi ne, ko kuwa ɗalibi ne ke da akwati? In amsar ita ce wannan irin wancan ne, a yi gado. In kuwa mallakarsa ya yi, sai a sa shi cikin siffofinsa. Har firifet ɗin ma malam ya sa mini shakka a kansa. Ya ce, in aka naɗa yaro a tsakiyar shekara, ko aka tuɓe shi, yaya zan yi? Bulon da aka buga a wannan mazubi ba ya komawa na wancan cikin sauƙi, sai in buga sabon abu in kwashe masa kuɗinsa, ga kuwa wata ƙofar ɓarna ta buɗe. Ya ce wataƙila ya fi kyau muƙami ya zama abin da ɗalibi ke riƙe da shi, wanda za a iya ba shi a kuma karɓe. Na yi kwana uku ina juya maganar, na ga gaskiyarsa, amma na bar misalin a nan don ya fi sauƙin ganewa.

Akwai abu ɗaya da ake yi tun kafin a taɓa kwamfuta, shi ne zaɓen abin da za a sa cikin mazubi. Ɗalibi na gaske yana da tsawo, da garinsu, da ƙungiyar ƙwallon da yake goyon baya, da abincin da ba ya so. Ba ko ɗaya da ya shafi ajiyar kuɗi, saboda haka na bar su. Da manhajar ɗakin shan magani nake rubutawa, da nauyinsa da ciwon da ya taɓa yi sun shiga, kuɗin kuwa ya fita.

Na sake rubuta manhajar cikin mako biyu, ta fi ta farko tsawo, don wannan hanya tana cin layuka a farkon aiki, kuma ga ɗan lissafin da bai wuce layi goma ba ban ga dalilin ɗauko ta ba. Kafin in kai wa malamin gida, na gwada ta da abin da ya kayar da ni: na buga ɗalibai 48, na cire na 12, na bi sauran ɗaya bayan ɗaya ina gwadawa da littafi, kowa da kuɗinsa. Malam ya karɓa, ya ce za a yi amfani da ita, amma littafinsa yana nan har ƙarshen shekara. Ɗan aji ɗayan nan kuwa na nemi gafararsa tun a makon, ya ce ba komai. Yanzu ya shiga ƙungiyarmu, shi ke zuwa ran Jumma'a ya karanto mini adadin da ke cikin littafi ina dubawa a kwamfuta, kuma na lura layinsa yake fara karantawa.